Gahawa ta Uku

Litinin, 1 ga Satumba, 2003

Masu cire nakiya sun iso yau, su shida a farar mota. Shekara uku muna kai takarda tun da muka dawo daga gudun hijira a Tuzla, sai yanzu Allah ya yi. Sun kakkafa turaku, sun ja jan zare tun daga bayan ɗakin itace har bakin rafi. Lambun tuffar mijina Nezir ke nan gaba ɗayansa.

Babbansu ya zo ƙofa da takarda yana tambayar mai gona. Na ce mijina ne. Ya ce yana ina? Nana Bisera, uwar Nezir, ita ta amsa daga cikin ɗaki: "Yana hanya."

Yana hanya tun watan Mayun 1992, ranar da aka loda shi a babbar mota tare da sauran mazan ƙauyen nan. Watanmu takwas da aure, ina da shekara ashirin da biyu.

Mutumin ya dube ni, ni kuma na dubi takalminsa. Bai ƙara tambaya ba, sunana kawai ya rubuta. Ekrem sunansa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na kai musu gahawa bakin zare, don ba a barin mutum yana aiki a gonarka da busasshen maƙogwaro. A durƙushe suke yini, suna soka tsinken ƙarfe a ƙasa, taƙi ɗaya taƙi ɗaya. Tun safe wurin da suka bincika bai kai faɗin tabarmar salla uku ba.

Ekrem ba ya taka ciyawa. Ko a tsakar gidanmu, inda kaji ke yawo shekara uku lafiya lau, duwatsu yake bi, kai a sunkuye. A cikin gona hannunsa ko motsi ba ya yi, na gani da idona. Amma da na miƙa masa finjali sai hannun ya kama rawa har gahawa ta zuba a wandonsa. Ya ce, "Kada ki damu, hanuma, da abin da ba ya fashewa ne ba ma shiri."

Hanuma, wato uwargida, haka yake kirana. Na yi dariya. Mubera maƙwabciyata tana shanya ta ji ni. Da yamma ta leƙo ta katanga: "Ashe kina da haƙora, Zumreta? Na ɗauka a Tuzla kika baro su." Bakinta ba ya da linzami.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ba su aiki yau. Gidan shiru. Me ya dame ni da shirun?

Juma'a, 12 ga Satumba

Sun tara nakiya uku sun fasa. An gaya mana tun jiya cewa da ƙarfe sha ɗaya ne, har na buɗe tagogi don kada gilas ya tsage. Na sani, na shirya. Duk da haka da ƙarar ta tashi ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a ɗakin ƙasa tsakanin buhunan dankali, da ludayi a hannu. Nana ko gezau, tana kan kujerarta tana jan carbi. Ta ce ita kunnenta ya riga ya ji wanda ya fi wannan.

Ekrem ne ya sauko nemana. Bai ce in fito ba, bai ce ba komai ba. Ya zauna a matakala ta uku ya juya mini gefe, yana duban bango. Can ya ce shi kansa da ya danna abin, sai ya ƙirga zuwa ɗari kafin ƙafafunsa su yarda su ɗauke shi. Matarsa da 'yarsa a layin ɗiban ruwa bam ya same su a Sarajevo, shekara ta biyu ta yaƙi. Ya ce duk ranar Juma'ar da yake gari yana zuwa ya share musu kabari.

Abin da na ji a raina ba zan iya gaya wa kowa ba sai wannan littafi. Hassada na ji. Yana da inda zai je ya share. Astagfirullah, wace irin mace ce ke yi wa mutum hassadar kabarin 'yarsa?

Talata, 16 ga Satumba

Masu ɗibar jini sun sake dawowa, karo na huɗu. An tono wani rami a hayin kogi, ƙasusuwa sun cakuɗe, ba a gane na wa ne sai an gwada da jinin dangi. Ɗigo kaɗan suke so daga yatsar Nana. Ni na miƙa nawa tun zuwansu na farko, wata yarinya a cikinsu ta ce mini cikin ladabi jinin matar aure ba ya nuna komai, sai na uwa ko na ɗa. Shekara goma sha ɗaya ina wanke masa riguna duk bazara don kada su yi warin akwati, ashe jinina bai san shi ba.

Nana ta kore su da sandarta. "Jinina yana jikina, ɗana yana hanya. Ku je ku tsotsi na uwarku." Na raka su mota ina ba da haƙuri.

Asabar, 20 ga Satumba

Ekrem ya kawo mini tuffa guda ɗaya daga itacen farko da suka kai gare shi. Ya goge ta da hannun rigarsa ya ɗora kan katanga, ya ce, "Ta mai gona ce," ya wuce.

Da na kai wa Nana, ita ya kamata. Ɗanta ne ya dasa. Sai na zaga bayan ɗakin itace na cinye ta a tsaye kamar ɓarauniya, har tsakiyar. Tsami gare ta. Ban gane ba ko Nezir nake tunawa ina ci, ko hannun rigar da ya goge ta.

Laraba, 24 ga Satumba

Na tare liman a hanyar kanti, wai tambayar wata ƙawata ce a Tuzla da mijinta ya ɓace, ko za ta iya sake aure. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ki gaya wa ƙawarki shari'a ta buɗe mata ƙofa tun shekarun baya, takarda ce kawai da idda. Ki kuma gaishe mini da Nana Bisera."

Kunya ta hana ni shiga kantin. Na dawo ba gishiri.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na yi ɓarna. Ko ban yi ba? Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan gane.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Ekrem ne, da farar riga mai guga, ya yi aski har ya yanke haɓa, da ƙullin ɗanyar gahawa da kwalin sukari a hannu, yadda ake zuwa gidan mutane da magana. Ya cire takalmi ya gaishe da Nana, ya zaɓi kujerar da ke fuskantar ƙofa.

Na dafa ta farko, ta maraba. Aka sha. Nana ta tambaye shi ɗan wane ne, ubansa me yake yi. Ya ce direban jirgin ƙasa ne. Ta ce, "Aikin mutane ke nan. Kai kuma ka zaɓi rarrafe."

Na dafa ta biyu, ta hira. Hirar ta ƙi zuwa. Ya ciji sukari ya kurɓa, finjali na ƙara a haƙoransa. Sau biyu ya gyara murya ya ce, "Nana, dama..." sai ya dubi hoton Nezir da ke saman rediyo ya koma maganar ruwan sama. Nana tana jan carbi tana kallonsa, ba ta taimake shi da ko kalma ɗaya ba. Ni ina bakin murhu. Na ga finjalinsa ya ƙare. Na ga ya dafa gwiwa kamar mai shirin tashi. Abin da ya faɗo mini kawai, kada ya tashi bai faɗa ba, a ba shi abin da zai riƙe.

Sai na ɗora buta na dafa ta uku.

Ni, Zumreta, da aka haifa a ƙasar nan. Yaron goye ma ya san ta uku ta kora ce, ita ake kawo wa baƙon da ya daɗe don ya nemi takalminsa. Kuma garin gahawar da na niƙa ya ƙare, ta fito tsararo, ruwa-ruwa, daidai yadda ake yin ta in ana son mutum ya gane sarai.

Sai da na ajiye faranti a gabansa na ga fuskarsa. Ya yi ɗan murmushi. Ya ɗauka ya shanye a kurɓi ɗaya da zafinta, ya ce, "Na gode, hanuma. Na cika ku da zama." Na bi shi ƙofa. Me zan ce a gaban Nana? Dawo, kuskure ne, faɗi abin da ka zo faɗa wa matar ɗanta?

Da na dawo Nana ta ce, "Ni dai ban ce ki kore shi ba." Kuma wallahi kamar daɗi na ji a muryarta.

Litinin, 29 ga Satumba

Hannuna ne ya yi kuskure, ko shi ne ya fi ni sanin abin da nake so?

Laraba, 1 ga Oktoba

Na kai gahawa bakin zare. Biyar sun sha. Ekrem kuwa ya ɗaga mini wata gorar ƙarfe daga nesa, wai ya zo da tasa.

Na gaya wa Mubera. Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti, sannan ta tashi ta zage ni tas. "Mutum ya sa farar riga, ya yanke haɓa dominki, ki ba shi ruwan wanke buta? Ai gara ki sakar masa kare." Na ce ina da miji. Ta ce, "Ni ma ina da shi, yana maƙabarta layi na biyu, ƙafa ɗaya da haƙarƙari shida aka ba ni. Je ki gaya wa mutumin nan gaskiya." Na ce wace gaskiyar? Ta ce to wannan kuma ita ba boka ba ce.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Kwana goma sha biyu, daga "ina kwana, hanuma" sai "sai gobe, hanuma". Na tsani kalmar nan yanzu.

Wani cikinsu ya ce ranar ashirin da huɗu za su kwashe kaya, an tura su can yamma, tafiyar awa biyar a bas, kafin ƙanƙara ta rufe ƙasa. Saura sati biyu.

Na ɗauko hoton Nezir na goge. Na daɗe ina kallo. Yaro ne. Na girme shi yanzu da shekara takwas, in ya shigo yau da wannan fuskar sai in ce masa ɗan nan me kake nema. Muryarsa ta ɓace mini, ban san yaushe ba. Na tuna yana cin albasa ɗanya, na tuna ƙafarsa sanyi gare ta. Ina son sa. Ina jin ina son sa. To wane ne nake jiyo tarinsa daga can ƙarshen lambu in san nasa ne cikin mutum shida?

Asabar, 18 ga Oktoba

Sun gama. Goma sha huɗu suka cire.

Ba sa miƙa gona da takarda kawai. Sai sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ba hular ƙarfe, ba rigar kariya, sun taka ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan a gaban masu ita. Rabin ƙauye ya fito kallo. Suka je suka dawo, aka tafa. Sai Ekrem ya naɗe jan zaren a hannunsa ya ce, "Saura mai gona."

Na zo bakin ciyawa ƙafata ta ƙi. Na san babu komai, na ga mutum shida sun bi. Jiki bai san wannan ba. Ekrem ya matso, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Ni ma ba na son ciyawa. Ki taka inda na taka." Ya shiga gaba, na bi sawunsa, ɗaya bayan ɗaya, ruɓaɓɓiyar tuffa na fashewa a ƙarƙashin takalmina, ƙudan zuma na tashi. Ban san inda na daina duban ƙasa ba. Na dai tsinci kaina a bakin rafi muna tsaye gefe da gefe, ina haki. A nan ya kamata in faɗa. Na ce masa, "Rafin ya ragu." Ya ce, "Rani ne." Kai, Zumreta!

Nana ba ta shiga ba. Ta sa aka kawo mata kujera bakin lambu, ta zauna har la'asar.

Laraba, 22 ga Oktoba

Jiya muka tsinke ragowar tuffa, Mubera ta ara mana abin matsa. Yau tun asuba ruwan yana kan wuta a babban kasko a tsakar gida. Pekmez, zumar tuffar nan, ba ya son gaggawa, yini guda ana kwashe kumfa ana juyawa har ya yi kauri ya koma baƙi. Ni da muciya, Nana da tura itace.

Wajen azahar hankalina ya tafi, gindin ya fara kamawa. Nana ta fizge muciyar. "Ba ni, kafin ki ƙona mana shekara goma sha ɗaya. Jibi za su tafi, ko?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Maƙaryaciya."

Ta yi ta juyawa, hayaƙi na shiga idonta. Sai ta ce, ba ta dube ni ba:

"Na san Nezir ba ya hanya. Tun damina ta farko na sani. Uwa ce ni, ba jaka ba."

Na ce to me ya sa, Nana?

"In na ba da jini suka kawo mini shi a akwati, an binne, an yi addu'a, ke kuma me zai zaunar da ke? Ba ɗa, ba jika. Ki ɗauki jakarki, a bar ni da kaji." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Da kika kawo ta ukun nan na ji daɗi, Allah ya gani. Sati uku ke nan ina kallonki kina sa gishiri a shayi. Daɗin ya fita."

Na yi mata ihu. Ban taɓa yi ba. Na ce kin ajiye ni kamar kabeji a tulun tsami, kin bar ɗanki a rami da baƙi don ki sami mai yanke miki farce. Na faɗi wasu da ba zan rubuta ba. Ba ta rama ba, ita da ba a taɓa kayar da ita a magana ba. Na shiga lambu na zauna gindin wani itace na yi kuka har na gaji, ban san wa nake yi wa ba cikin su ukun.

Da na dawo tana nan tana juyawa. Na karɓi muciyar. Na ce, "Wa ya gaya miki zan tafi in bar ki? Wa zai ɗauke ni da ke a ɗaure a ƙafata?" Ta ce, "Mai rarrafen nan. Ya saba da abin da ke fashewa."

Kwalba goma sha tara muka samu. Ya ɗan yi ƙauri.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na je tsohuwar makarantar da suke kwana, da kwalba biyu a jaka don in sami abin cewa. Ekrem yana loda akwatuna. Sauran suka gan ni, nan da nan kowa ya tuna yana da aiki a bayan gini.

Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Ta ukun nan, ba ta kora ba ce. Na ga za ka tashi ne."

Ya ajiye akwatin. Sannan ya ce, "Ni kuwa da na gan ta har hamdala na yi a raina. Na ce an hutar da ni. Na fita ƙofa ina jin sanyi kamar wanda aka ce ba shi za a yi wa allura ba. Sai da na kai hanya na gane abin da na rasa."

Na ce me ya zo faɗa ran nan? Ya ce tambaya ce. Na ce tana nan? Ya ce tana nan. Na ce to ya riƙe ta tukuna, ban da amsa, ban ma san ko ni matar wani ce ko ba ta kowa ba, kuma duk inda zan je da tsohuwa mai sanda zan je. Ya ce ba ya sauri, aikinsa taƙi ɗaya taƙi ɗaya ne. Ya ce shi ma akwai safiyar da yake tashi yana kiran sunan matarsa, gara in sani tun yanzu.

Ya karɓi kwalaben da hannu biyu don kada su faɗi. Ya ce, "Sai na zo, Zumreta."

Talata, 28 ga Oktoba, biyu ga azumi

Na kai Nana Tuzla, wurin masu ɗibar jini. Ita ta ce a je, ta sa mayafinta na Idi. Sai da ta sa yarinyar ta rantse cewa ɗigo huɗu ba ya karya azumi. Aka soki yatsar, aka ɗiga a 'yar takarda, shi ke nan, ko minti biyu ba a yi ba. Suka ce wata shida, ko shekara biyu, ko kuma ba ya cikin waɗanda aka tono. A bas ta riƙe yatsar a tafin hannunta har gida. Ta jingina da kafaɗata.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ba wani labari. An yi sanyi. Kaza ɗaya ta daina ƙwai.

A sallar la'asar, da na ɗaga hannu na zo kan sunan Nezir, bakina ya ce Allah ya jiƙansa. Ban sa shi ba. Shekara goma sha ɗaya "Allah ya dawo da shi" nake cewa, ko cikin barci aka tashe ni. Na zauna a kan sallaya ina jira in ji na yi laifi. Na ji motsi, ashe Nana tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta ce amin, ta wuce duba miya.

Wataƙila yunwar azumi ce. Ba zan yi ta tunani a kai ba.

An bugo waya kanti an bar saƙo, wai wani daga can yamma zai biyo bas ɗin Lahadi ya sha ruwa da mu. Gari ya kusa ƙarewa, sai na saya gobe. Ban ma san ko burodin pita mai dankali yake so ko mai kabewa ba. Zan yi duka biyun.